Nasiha Ga 'Yata Mai Shirin Sayar da Sobiya a Jidda

 Labari ya iso mini cewa kin ɗaura ɗamarar sana'ar abin sha a azumin bana, sobiya da zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya, har kin sayo manyan tukwane. Na yi murna ƙwarai. Sana'a ce ta mutunci, da ita iyayenmu mata suka rufa wa kansu asiri a garin nan, suka aurar da 'ya'ya, wasu har suka aika da kuɗin gina gida Kano da Damagaram.

Abu ɗaya nake so in ja hankalinki a kai, shi ne tata. Jiƙo kowa ya iya, markaɗe aikin inji ne, sukari kuwa ko yaro ya san yadda ake zubawa. Amma lokacin da za a raba ruwa da guggubi, a nan ake gane wadda ta koyi aiki da wadda ta gani kawai ana yi. Kuma a nan ne mai sana'a ta fi yin gaggawa, domin yawanci tata tana faɗowa ne bayan la'asar, ga gajiya, ga ƙishirwa, ga masu saye sun fara bugo waya.

Ki fara sanin cewa ba duk abin da ya kwanta a gindin tukunya ne abin zubarwa ba. A zoɓo da lamurje da ruwan tsamiya, na sama kike nema, na ƙasa yashi ne da ɓaraguzan ganye da zare. A gasara kuwa na ƙasan shi ne dukiyar, ruwan saman ake tsiyayewa. Kunun zaƙi da sobiya suna tsakani: ana so dusa da tsaki su fita, amma lallausan garin ya zauna, domin shi ne jikin abin shan. Wadda ta tace kunu har ya zama tsararo ta zubar da kuɗinta a cikin dusa, wadda kuma ta bar zoɓo da kauri ta sayar wa mutane ƙasa. Saboda haka kafin ki ɗauki rariya, ki tambayi kanki me kike son ya wuce, me kike son ya tsaya.

Bari mu fara da zoɓo, wanda mutanen nan suke kira karkade, tunda shi ne ya fi yaudarar mutum. Zoɓo a ƙasa ake shanya shi, ko daga Jigawa ya zo ko daga Kurdufan, don haka ba ya rabuwa da yashi. Ki wanke shi da ruwan sanyi a cikin roba mai faɗi, ki tsamo shi da hannu zuwa wata robar. Kada ki juye ruwan da ganyen tare a cikin kwando, domin yashin da ya riga ya nutse zai sake zubowa a kan ganyen. Ki yi sauri a wankin, kada launin ya tafi. Ki dafa a tukunyar ƙarfe marar tsatsa. Tsamin zoɓo da na tsamiya yana cin tukunyar dalma, ya ɓata launi, ya sa ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Kayan ƙamshi kuwa, citta da kanumfari da hel da kirfa, ki saye su ɗungurungum a Suƙul Alawi ko wajen Babu Makka, kada ki sayi garinsu. Garin citta yana ratsa kowane irin ƙyalle, ya dagula abin sha, ya kuma kwanta a gindin gora kamar an yi sakaci. Ki daddaka su sama-sama a turmi, ki ƙulle a ɗan farin ƙyalle da sassauci yadda ruwa zai ratsa, ki jefa ƙunshin a tukunya. In an sauke sai ki tsame shi gaba ɗaya. Rabin wahalar tata ta ƙare tun kafin a fara ta.

To ga wata dabara da nake so ki riƙe da kyau. Bayan kin sauke tukunya kin tsame manyan ganyen da mataci, ki sa ludayi mai tsabta ki juya ruwan ta gefe ɗaya, a hankali, har ya riƙa zagayawa da kansa. Sai ki cire ludayin, ki rufe, ki ƙyale shi kamar minti 20 ba tare da an taɓa tukunyar ba. Idan kin buɗe za ki tarar guggubin ya taru wuri ɗaya a tsakiyar gindin tukunya, ya yi ɗan tudu, gefe-gefe kuma ruwa ya yi garau. Ki gwada da kofin shayi mai ganye a ciki, za ki gani da idonki. Wani babban masanin kimiyya, Albert Einstein, ya yi rubutu a kan dalilin haka a 1926: ruwan da ke gogar gindin mazubi yana rage gudu, sai ya riƙa gangarowa daga gefe zuwa tsakiya, yana tafe da duk abin da ya nutse. Manyan masana'antu ma da wannan suke aiki. Masu yin lemon malt marar maye irin wanda ya cika kantunan garin nan, da yawansu suna dafa ruwan tsiron sha'ir ne tare da furen wata shuka mai yaɗo mai ɗaci da Turawa ke kira hops, wadda ake nomawa sosai a Jamus da Amurka. Furen yana dagargajewa a cikin dahuwa, ya haɗu da dunƙulen da ke fita daga hatsin, ya zama caɓi mai toshe kowace rariya. Maimakon su yi ta fama da rariya, sai su tura ruwan cikin wani ƙaton mazubi ta gefe don ya zagaya, caɓin ya taru a tsakiya, su janye ruwan ta bakin gefe. Abin da suke yi da injuna na miliyoyi, ke da ludayi za ki yi shi.

Daga nan sai kwasa. Kada ki ɗaga tukunya ki tuntsurar, domin da zarar kin karkata ta da ƙarfi duk abin da ya kwanta zai tashi, haƙurin da kika yi ya tafi a banza. Ki riƙa ɗiba da moɗa daga sama ta gefe, kina zubawa ta cikin rariya da aka shimfiɗa wa ƙyalle. Idan tukunyarki mai famfo ce, ki duba inda aka huda ta. Famfon da ke daf da gindi shi ne farkon mai jawo laka. Wanda ya ɗaga kamar yatsu biyu ya fi. Ki buɗe shi kaɗan-kaɗan, kofin farko ki ajiye shi gefe don a sake tacewa, sai kin ga ruwa ya fito tas sannan ki tara babban mazubi. Idan ya toshe, kada ki busa da baki, kada ki zura tsinke ki dama. Ki rufe, ki koma ga moɗa. Na ga wasu suna janye ruwa da tiyo, suna zuƙa da baki don ya fara gudu. Wannan ƙazanta ce, 'yata, ko ba wanda ya gani. In za ki yi da tiyo, ki cika shi da tafasasshen ruwan da ya huce, ki toshe bakin da yatsa mai tsabta, ki saka, zai ja da kansa.

Sannan ki yafe na ƙarshen. Wannan ɗan ruwan da ya rage a kan guggubi, wanda bai kai gora biyu ba, shi ne yake ɓata wa mutum tukunya guda. Zuciya za ta ce miki asara ce. Ki juye shi a wani kwano daban, ya sake kwanciya, mutanen gida su sha.

Kunun zaƙi nasa hukuncin daban ne, kuma tatarsa tana farawa tun daga daren jiya. Kin san yadda ake yi: a jiƙa gero ko dawa, a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari da busasshen dankalin Hausa, a raba ƙullun biyu, a sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa ya yi kauri, a bari ya ɗan huce, sannan a zuba ɗanyen a gauraya a rufe ya kwana. Abin da 'yan mata ba su sani ba shi ne dalilin jira kafin a zuba ɗanyen. A cikin dankalin nan, haka ma a cikin tsiron hatsi ga masu sa shi, akwai sinadarin da ke narkar da sitaci ya mai da shi zaƙi. Yana son ɗumi mai ƙarfi, wajen digiri 60, amma tafasa tana kashe shi. Idan kin zuba ɗanyen ƙullu a kan wanda yake tururi, da safe za ki tarar da abu kirtif kamar talge, ya ƙi ratsa ƙyalle, ki yi ta ƙara ruwa kina matsa har ɗanɗano ya gudu. Idan kuwa kin bari ya ɗan sarara, da kansa zai saki, ya tsinke, ya bi ƙyalle salin-alin. Sau da yawa wadda take kukan abin tatarta ba shi da kyau, ba laifin ƙyallen ba ne.

Tata biyu ake yi, kada ki yarda da ɗaya. Ta farko da rariya mai manyan ido, don ta ɗauke dusa da ɓawo. Ta biyu da farin ƙyallen nan marar kauri da ake kira shash, ninki biyu, a ɗaure a bakin bokiti ya ɗan yi lotso a tsakiya. Ki jiƙa ƙyallen kafin ki fara, busasshe yana shanye abin sha kuma yana saurin toshewa. Ki zuba kaɗan-kaɗan, kina motsawa da bayan ludayi. Idan gudu ya ragu, ki kwashe abin da ya taru, ki ɗauraye ƙyallen, ki mayar. Wadda ta fara da ƙyalle mai laushi kai tsaye za ta kai magariba a tsugune.

Maganar matsa kuma, ki bambanta. Kunun aya dole a matse shi, domin madarar tana cikin tukar, har ma a ƙara ruwa a sake matsewa. Amma zoɓo da sobiya, idan kin murɗe ƙyalle da ƙarfi, idanunsa suna buɗewa, abin da kika sha wahalar tarewa ya fice, ɗacin ɓawo ma ya biyo. Ki bari ya ɗiga. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Sobiya kuwa ta masu gari ce, kuma sun san ta fiye da yadda kike zato. Mutumin Hijaz tun yana yaro yake shan ta a buɗe-baki, fara ta sha'ir ko busasshen burodi, ja mai launi, da mai ruwan ƙasa ta tsamiya, ga kuma ta zabibi. A Makka har layi ake yi a ƙofar gidajen da suka gaji yin ta. Irin wannan mai saye da kurɓa ɗaya zai gane ko an tace da kyau. Ana jiƙa ɓarzajjen sha'ir ko burodin da hel da kirfa, a bar shi ya kwana ya ɗan ɗauki tsami, sannan a tace a sa sukari a sanyaya. Wannan ɗan tsamin shi ne daɗinta, shi ne kuma haɗarinta, kuma saboda shi ne na zauna rubuta miki wannan doguwar takarda.

Abin da ke sa jiƙo ya yi tsami wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna cin sitaci da sukari. Wasu suna ba da tsami irin na nono, wasu kuma, irin yis ɗin da ke kumbura burodi, suna ba da iska da barasa. Mafi yawansu a jikin dusa da guggubi suke maƙale, a nan abincinsu yake. Idan kin tace da kyau kin rage su, idan kin sanyaya kin sa su barci. Idan kuwa kin bar guggubi a gora, kin zuba sukari, kin ajiye a zafin Jidda, to aikinsu suke ci gaba da yi ko kina barci. Kada ki ce ai azumi yanzu ba a tsakiyar bazara yake faɗowa ba. Garin nan ko a watannin sanyinsa rana tana kusan digiri 30, ga gumi, kuma shi ne garin da zafi ya taɓa kaiwa digiri 52 a watan Yunin 2010.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya sa a shayar ko a zubar. Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa suna jiƙa masa da safe ya sha da yamma, su jiƙa da yamma ya sha da safe, kuma a ruwayar Abu Dawuda ta ce ana wanke salkar safe da yamma. Ki dubi wannan wankin salka da kyau. Haka kuma lokacin da tawagar Abdul Ƙaisi ta zo Madina, an hana su yin jiƙo a cikin duma, da kututturen dabino da aka rarake, da wani irin tulu mai shafi, da mazubin da aka shafe da kwalta. Malamai sun ce dalili shi ne jiƙo yana saurin juyewa a cikinsu ba a ankara ba. Daga baya an sassauta maganar mazubi, aka bar haramcin a kan abin da ke sa maye. Hukunci na malamai ne, ki tambaye su. Ni abin da na ɗauka a matsayina na mai riƙe da ludayi shi ne, mazubin da yake ɓoye ragowar jiya yana lalata na yau. Tsohuwar jarkar roba da cikinta ya kakkarce, da famfon da ba a kwance shi a wanke, da murfin kula mai datti a lungu, duk su ne duman zamaninmu.

Don haka sukari a ƙarshe ake sa shi, bayan an gama tata. Ki narkar da shi a tafasasshen ruwa, shi ma ki tace, ya huce, sannan ki haɗa. Abin da aka gama tacewa kada ya wuce awa biyu a waje. Ki rarraba shi a ƙananan mazubai don ya yi saurin hucewa, domin ƙatuwar tukunya cikinta yana daɗewa da ɗumi ko a cikin firji. Firjin kuma ya kasance digiri 5 ko ƙasa da haka. Kunun aya ba ya kwana, na yau na yau ne. Sobiya da kunun zaƙi, ko a sanyi, kada su wuce kwana biyu a hannunki. Idan kin ga leda ta kumbura ta yi tauri, ko gora ta yi tsaki da aka buɗe, ko kumfa tana tasowa daga ƙasa, ko wari yana hawa hanci, ki zubar. Kada ki ƙara sukari don ki rufe, kada ki gauraya da sabo. Wanda zai sha mai azumi ne, cikinsa wayam, ya yi bisimilla ya kafa kai saboda ya yarda da ke. Wataƙila tsoho ne mai ciwon sukari da ɗan kurɓa ɗaya kawai aka yarje masa, wataƙila yaro ne da ya fara azumi bana.

Akwai kuma abin da ya canja a zamaninku wanda ya ƙara nauyin wannan magana. Kakanninmu da suka taso da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur, suka tsallako teku daga Sawakin, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, a bayan ganuwar Jidda suka yi bukkokinsu, kafin a rushe ganuwar a 1947. Daga baya muka cika Karantina da Gulail da Hindawiyya da Sabil. A can mai kunu da mai saye katanga ce tsakaninsu, yaro zai zo da jug, kafin a kira salla an shanye. Tun da aka fara rushe tsofaffin unguwannin nan a ƙarshen 2021, jama'armu ta warwatsu, wasu kudu wasu gabas. Yanzu gorarki za ta shiga mota, ta yi doguwar tafiya a cunkoson kafin magariba. Kunun da a da ake yafe masa ɗan guggubi saboda ba ya jimawa, yanzu ba zai jure ba. Ki sa a kula da ƙanƙara, ki rubuta ranar da aka yi a jikin kowace gora. Kuma ki bi ƙa'idar baladiyya, wato hukumar gari, ki nemi takardar lafiya da izinin da ake buƙata. A azumi suna tsananta bincike a kan masu sayar da sobiya, kuma suna da gaskiya.

Ruwan da za ki yi aiki da shi ma abin dubawa ne. Matan Jidda na dā sun san darajar tace ruwa, domin garin bai taɓa wadata da ruwan daɗi ba. Ruwan sama ake tarawa a rijiyoyin ajiya, a kawo shi da laka, a zuba a randa ya kwanta. A 1907 aka kafa injin Kindasa mai tace ruwan teku, a 1947 kuma aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima. Yau ruwan teku da aka cire wa gishiri muke sha, yana fitowa da tsabta, amma tankin gida yana tara nasa dattin, musamman inda motar dakon ruwa ce ke cika shi. Sobiya da kunun aya ba a dafa su, duk abin da ke cikin ruwan yana cikin kofin mai sha. Ki yi su da ruwan sha na galan ko wanda kika tafasa ya huce, ƙanƙarar ma da irinsa.

Ƙyallen tata ki ware masa mazauni. Kowane abin sha da nasa: na zoɓo ba ya komawa fari, na aya yana riƙe maiƙo. Da an gama a wanke shi nan take kafin gari ya bushe a idanunsa, da sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sosai, a tafasa minti 10, a shanya inda iska ke ratsawa. A gumin garin nan ƙyallen da aka dunƙule da danshi kafin gobe ya fara wari, kuma warin a kunu zai fito. Tsohon ɗankwali ko gefen mayafi ba abin tata ba ne, shuninsa yana zuba. Dusa da tuka kuma kada ki zuba su a magudanar wanke-wanke, za su toshe wa maƙwabtanki na ƙasa bututu. Ki shanya, masu kiwon tattabaru da kaji za su karɓa da godiya.

Ki fara da kaɗan a kwanakin farko, abin da hannunki zai iya tacewa a natse kafin la'asar, in ya so ki ƙara idan kin saba. Tukunyar farko da za ki haɗa, ki aiko mini da gora ɗaya ta kowane iri kafin ki sayar wa kowa, kada ki girgiza ta, ina so in ga gindinta. Ki gaida mahaifiyarki da ƙannenki. Allah ya sa albarka a cikin sana'ar, ya kai mu watan lafiya.